Wasiƙa Daga Shenzhen Ga Masu Neman Ƙaramar Kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa na lafiya. Tambaya ɗaya ke ta zuwa daga Kano, Zariya da Maraɗi: wace ƙaramar kwamfuta za a saya don raba intanet a shago ko makaranta? Zan amsa gaba ɗaya, in kuma taɓa na'urorin auna zafi da ruwa na gona.

A Huaqiangbei, kasuwar kayan lantarki ta nan Shenzhen, abin da ya fi tafiya shi ne ɗan akwatin ƙarfe mai ƙwaƙwalwar Intel N100. Ba shi da fanka, jikinsa mai tsaga-tsaga ke fitar da zafi, ga kafar kebul na intanet 4 a jere. Ku tabbatar kafofin samfurin i226-V ne, domin samfurin i225-V na farko ya yi suna wajen yanke layi. Sau da yawa fanko ake sayar da shi, ba RAM ba SSD (ma'ajiyar bayanai), sai ku tambaya kafin ku biya. RAM 8GB ya ishi OPNsense, manhajar da ake sa masa don raba intanet da tsare shi. In raba intanet ne kawai, na'urar raba intanet ta MikroTik hEX mai kafa 5 ta fi araha da sauƙin kula. Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, kafa ɗaya gare shi, kada a ɗora masa wannan aiki sai dole.

Amma wuta ce ke kashe waɗannan kaya a gida, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Raspberry Pi 5 yana son volt 5 da amp 5. Cajar waya ba za ta riƙe shi yadda ya kamata ba. A ɗauke wuta yana cikin rubutu a katin SD, katin na iya lalacewa, shi ya sa SSD ya fi. Akwatin N100 kuwa galibi volt 12 yake ci, sai mutum ya yi kuskuren jona shi kai tsaye da batirin sola. Batirin nan yana haura volt 14 lokacin caji! Ku sa ɗan abin daidaita wuta na DC a tsakani, mai ba da 12 cif. MikroTik hEX bai damu ba, yana karɓar volt 8 zuwa 30. Ku shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ku saita akwatin N100 ya tashi da kansa in wuta ta dawo, in ba haka ba kullum sai wani ya zo ya danna. Bakin caja ma galibi iri biyu ne, mai milimita 5.5x2.1 da mai 5.5x2.5, ido ba ya rabe su, amma in aka saɓa sai ya ƙi shiga ko ya riƙa lilo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardun batirin lithium. Jirgin sama ba ya ɗauka sai da shaidar gwajin lafiyar batiri na UN38.3, kuma batiri ɗaya maras takarda zai iya tsayar da kwalin gaba ɗaya. Ku sayi batiri a gida, na'ura kaɗai ta taso daga nan.

Kada a kulle akwatin cikin durowa a zafin Afrilu. Pi yana rage gudu in ya kai digiri 80. Na'urorin auna zafi da ruwa na gona kuwa, ɗan ƙaramin allon lantarki na ESP32 ya isa, sai dai volt 3.3 yake aiki da shi, kuma Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai yake gani. Sauran sai wasiƙa ta gaba. A gaida mutan gida.