Talata a Agege: ranar da ƙofata ta ƙi ni

Ko addu'ar bayan sallar asuba ban gama ba waya ta fara ruri a aljihu. Akawun Alhaji ne, wanda nake kula masa da manhajar lissafi, daga kasuwar Mile 12 da ke nan Legas. Motocin albasa da tattasai sun iso tun cikin dare, 'yan dako sun fara sauke kaya, shi kuma shafin da yake shigar da lissafin buhuna ya ƙi buɗewa. Na ce masa ya riƙa rubutawa a takarda, minti biyar ya ishe ni. Da na san yadda ranar za ta kasance da ban yi wannan cika bakin ba.

Aikin ba wani babba ba ne. Manhajar lissafin tana zaune a kan wata kwamfuta da muka yi haya a can Turai, wadda mu masu sana'ar muke kira sabar. Ban taɓa ganinta da idona ba, daga ɗakina nake shiga cikinta ta hanyar SSH, wato amintacciyar hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa. Wani lokaci manhajar takan tsaya, sai in shiga in tashe ta, shi ke nan. Na buɗe laftof a kan tabarma, ga babu wuta tun jiya da magariba, batir saura kashi 40. Na buga umarnin shiga kamar kullum. Sai baƙin allon ya ce min "Permission denied", ya ƙara da kalmar publickey a gefe. Ma'ana dai an ga makullinka, ba a yarda da shi ba.

Na sake bugawa, amsar ba ta canza ba. Na sake.

Ga wanda bai san harkar ba, makullin nan tagwaye ne. Ɗaya kamar kwaɗo yake, shi ake kaiwa a rataya a kan sabar, a cikin wani fayil mai suna authorized_keys, kuma ko duk duniya ta gan shi babu komai. Ɗayan shi ne ɗan makullin, yana kwance a laftof ɗinka, ko matarka ba ka ba ta. In ka zo shiga, kwamfutarka takan sa hannu da ɗan makullin, sabar ta gwada sa hannun da kwaɗon da ke wurinta. Tun da na kafa wannan tsari na rufe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, saboda ƙofa ta 22, wadda SSH yake shiga ta cikinta, ba ta hutawa, dare da rana ɓarayin intanet suna ƙwanƙwasa ta suna cankar kalmomi. Wannan tsaron da nake alfahari da shi, yau ni ya tsare a waje.

Na ƙara -v a kan umarnin don ya riƙa faɗa min abin da yake yi mataki-mataki. Na ga ya isa sabar lafiya, sun gaisa, ya miƙa makullina, layin "Offering public key" ya fito ƙarara. Daga nan sai sabar ta kau da kai kawai. Ba ta ce makullin ya lalace ba, ba ta ce ba ta san ni ba. Abin da ke cin rai a wannan matsala ke nan: da gangan aka gina ta kada ta gaya wa na waje dalilin korarsa, don in ɓarawo ne kada ta koya masa inda zai gyara. Dalilin yana rubuce, amma a cikin gida, a littafin mai gadi, kai kuma kana bakin titi.

Nan fa na shiga kame-kame, kuma ina jin kunyar rubuta wannan sashen. Na loda duk makullan da nake da su, na wannan aikin da na wancan, guda bakwai. Na manta sabar ba ta jure gwaji fiye da shida a zama ɗaya, sai ta yanke ni da "Too many authentication failures". Na koma na nuna mata makulli ɗaya tak da -i, na haɗa da IdentitiesOnly=yes don kada sauran su yi shisshigi. Ta ƙi. Na fara tunanin ko sunan shiga na manta, na gwada root, wato sunan mai cikakken iko a kan sabar, na gwada admin, na gwada wasu sunaye biyu da ban ma san inda na samo su ba. Sai allon ya yi shiru ɗif. Fail2ban, manhajar tsaron da na saka da hannuna, ya ga wani yana ta gwada sunayen ƙarya, ya toshe adireshina na minti goma. Ya yi aikinsa, ba ni da bakin magana.

Ƙarfe bakwai da rabi Alhaji da kansa ya kira. "Injiniya, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau ranka ya daɗe, 'yar tangarɗa ce, yanzu za ta wuce." Ya ce dillalai suna jiran rasit, kuma tattasai ba ya jiran kowa. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi shiga jikina.

A zuciyata na riga na yanke hukunci a kan ƙanena. Shi ne yake taya ni aiki a shago, kuma kwana takwas ke nan yana damuna cewa PuTTY ɗinsa, wato manhajar da yake shiga sabar da ita, yana ce masa "Server refused our key". Na ce lallai yaron nan ya samu wata hanya ya shiga ya yi taɓe-taɓe. Na kira shi na zazzage masa. Ya ce, "Yaya, wallahi ni da ko shiga ba na iya yi, ta ina zan ɓata?" Maganarsa gaskiya ce tsagwaronta, amma a lokacin kunnena ba ya ji.

Hanya ɗaya ta rage. Kamfanin da muke haya a wurinsa yana da wata ƙofar baya a shafinsa, wadda take nuna maka allon sabar kamar kana zaune a gabanta, ba ruwanta da SSH. Sai dai tana neman kalmar sirrin root, ita kuma tana cikin wani ɗan littafi a durowar shago a Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja. Na saɓa jaka na fita. Burodin da aka yanka min da shayi ko kallonsu ban yi ba. A Pen Cinema na samu danfo, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihun "Ikeja Along", muka cusu mu huɗu a benci, jakar laftof a kan cinyata na rungume ta kamar jariri. Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba sai da ta ci mana kusan awa guda saboda wata tirela da ta mutu a hanya. Ina zaune ina ta ƙirga abubuwan da za su iya zama sanadi, ban da wanda ya zama.

Na tarar da ƙanena ya buɗe shago ya tayar da janareta, fuskarsa a ɗaure. Na ɗauko littafin, na shiga ta ƙofar baya, na fara tayar da manhajar Alhaji tukuna, abin da bai ɗauki minti ɗaya ba. Na kira akawu ya ce ta buɗe. Sannan na nufi /var/log/auth.log, littafin mai gadin ke nan a Ubuntu, tsarin da sabar take aiki da shi. Ga layin nan an maimaita shi sau ba adadi, kowanne da lokacin da na yi gwaji: "Authentication refused: bad ownership or modes for file", sai sunan authorized_keys ɗina a ƙarshe.

Jikina ya yi sanyi, don nan take daren jiya ya dawo min. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya akawu ya turo saƙo cewa hotunan rasit sun ƙi hawa. Ina jin barci, sauro na cizo, na ga matsalar ta izinin rubutu ce a wata folda. Maimakon in nemi foldar, sai na buga umarnin canza izini, chmod -R 777, a kan gidana gaba ɗaya, wato babbar foldar da duk fayilolina suke ciki a sabar, hoto ya hau, na rufe laftof na kwanta ina ganin na yi dabara. Garin neman gira na rasa ido.

Lambobin nan uku kowacce da mai ita: ta farko mai fayil, ta biyu 'yan rukuninsa, ta uku sauran jama'a. Karatu 4 ne, rubutu 2, zartarwa 1, in ka tara su bakwai ke nan. Saboda haka 777 yana nufin kowa ya karanta, kowa ya rubuta. Shi kuwa OpenSSH, mai gadin ƙofar SSH a kan sabar, yana da wata ƙa'ida mai suna StrictModes da take kunne tun daga asali: in har wani ban da kai zai iya rubutu a fayil ɗin kwaɗunanka, ba zai yarda da komai a ciki ba, don ba shi da tabbacin kai ka rataya su. Kuma a gaskiya da gaskiyarsa. Wa zai amince da kwaɗon da kowane mai wucewa zai iya cirewa ya sa nasa?

Na mayar da fayil ɗin 600, na gwada daga laftof. Ya ƙi. Na koma littafin, yanzu kukan ya tashi daga fayil ya koma kan foldar .ssh. Na mayar da ita 700. Ya sake ƙi, wannan karon foldar gidan kanta yake nunawa, don yana bin hanyar ne hawa-hawa har sama. Na sa mata 755. Ina buga umarnin sai ga ni a ciki, ba gardama, kamar ba shi ne ya wahalar da ni tun asuba ba.

Ƙanena yana tsaye a bayana duk wannan lokacin, ya karanta komai. Bai ce uffan ba. Na ce ya gwada nasa ina kallon littafin. Layin da ya fito daban ne: "key type ssh-rsa not in PubkeyAcceptedAlgorithms". Kwana takwas da suka wuce ni ne na ɗaga sabar daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04. Tsohuwar tana ɗauke da OpenSSH 8.2, sabuwar 8.9, kuma tun fitowar 8.8 a watan Satumba na 2021 aka daina karɓar sa hannun makulli irin RSA da aka yi da tsohon salon lissafi na SHA-1, wanda masu bincike na Google da wata cibiya a Amsterdam suka nuna rauninsa a fili tun 2017. Makullin yaron lafiyarsa ƙalau, PuTTY ɗinsa ne tsohon yayi, 0.70, bai iya sabon salon sa hannun ba, sai daga 0.75 aka koya masa. Ashe shi ma ni na kulle shi, na kuma bi shi da faɗa.

Akwai layi ɗaya da zan iya ƙarawa a saitin sabar ta ci gaba da karɓar tsohon salon, kuma na san da yawa haka suke yi. Ban yi ba, yau na ƙoshi da gajeriyar hanya. Muka sauke sabon PuTTY, ya ƙirƙiri makulli irin Ed25519. Da zai ba ni kwaɗon sai ya danna maɓallin ajiyewa, ya turo min fayil mai layi-layi da kan magana a sama da ƙasa. Na ce ba wannan ba, ya kwafo wanda ke cikin akwatin sama, don authorized_keys layi ɗaya yake so ga kowane makulli, in ya karye biyu ya tashi aiki. Na liƙa, na bar tagar da na shiga sabar ta cikinta a buɗe don kada tarihi ya maimaita kansa, ya gwada. Ya shiga. Ya juyo ya ce, "Yaya, to yanzu wa ya yi taɓe-taɓen?" Na zaro dubu biyu na ce ya je ya sayo mana shinkafa da wake, ya sa wa nasa kifi.

Sauran yinin ya tafi wajen bin fayilolin da 777 ya shafa ɗaya bayan ɗaya, don -R ba ya barin komai, kuma babu wani umarni da zai mayar da su yadda suke. Foldar hotunan na mallaka wa www-data, sunan da manhajar shafin take aiki da shi, ita kaɗai, abin da ya kamata in yi tun jiya. La'asar ta same ni a nan, magariba a cikin danfo.

Yanzu ƙarfe goma saura, an kawo wuta, ina cajin komai. Akawu ya turo hoton takardun da ya cika da hannu da safe, shafi shida, rubutunsa kamar tafiyar tsutsa, yana tambaya wa zai shigar da su. Na ce ya bari gobe zan zo Mile 12 da kaina. Littafin kalmar sirrin kuma yana cikin jakata.