Linkin da ya ƙi fita daga gida

Ƙannena masu koyon haɗa shafin intanet, ku zo ku ji wautar da na taɓa tafkawa. Wani aiki na karɓa, shafi ne na jera shagunan 'yan kasuwa, kowa ya yi rajista ya sa sunan shago da lambar waya da adireshin shafinsa in yana da shi. Ni kuma duk abin da mutum ya rubuta haka nake zuba shi a rumbun bayanai, in an zo nunawa in ɗauko in cusa a href, wato gurbin da ke faɗa wa linki inda zai kai mutum, shikenan. Da na gwada da hannuna komai lafiya lau, don ni da https:// nake farawa, na miƙa aiki na karɓi kuɗina har da cin tsire.

Ba a kwana uku ba mai aikin ya kira, wai Malam duk linkin da aka danna 404 yake kawowa, wato ba a samu shafin ba. Wallahi kwana biyu ina zargin sabar, ashe laifina ne. Mutane ba sa rubuta https://, da www suke farawa, wani ma suna ne kawai da .com, ita kuma burauza in ba ta ga https:// a farko ba ɗauka take adireshin na cikin gidanka ne sai ta liƙa shi a bayan naka, ka ga ya koma shafina.com/shago/www.wane.com wanda babu shi a duniya.

Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Na manna http:// a gaban kowane adireshi ba tare da dubawa ba, waɗanda suka rubuta nasu daidai sai ya zama http://https:// su ma suka lalace. Ku fara dubawa kafin ku ƙara, kuma tun lokacin ajiyewa za ku yi, ba lokacin nunawa ba. Ku sa trim ma, mai share sararin gefe, masu kwafowa daga WhatsApp suna taho da sarari a gaba ko baya.

Amma abin da ya fi tayar min da hankali wani abokina ne ya nuna min. Ya yi rajista, a gurbin adireshi ya rubuta javascript:alert(1), ya ce danna mu gani. Na danna, saƙo ya ɓullo a shafina. Da mugu ne da irin wannan zai iya sace zaman duk wanda ya danna, wato ya shiga asusunsa kamar shi ne. Na ce ai na sa htmlspecialchars na PHP, ya yi dariya, ya ce wannan alamomi irin su < da " yake tsarewa, ba ruwansa da farkon adireshi. Ko filter_var da FILTER_VALIDATE_URL na PHP, mai duba ingancin adireshi, kar ku saki jiki da shi, yana iya barin javascript:// ya wuce. Yanzu parse_url nake sawa in ciro farkon, in ba http ko https ba ne in ƙi karɓa, babu lallashi.

In kun sa target="_blank" mai buɗe linki a sabon shafi, ku haɗa da rel="noopener" don kada wancan shafin ya iya taɓa naku, Chrome tana yin hakan da kanta tun siga ta 88 a 2021 amma akwai masu tsofaffin wayoyi da ba a sabuntawa. Sai gurbin adireshi da na yi a rumbun bayanai, VARCHAR(255) mai ɗaukar harafi 255 kacal, dogayen linkin Google Maps ba su shiga, TEXT mai ɗaukar dogon rubutu na koma. Tsofaffin da suka riga suka gutsure kuwa sai da na bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya a waya suka sake turo min.