Shekara biyu ina ɓoye hannuna

Tun ina ƙarama Duna ake kirana a gidanmu. Mu biyar ne mata, huɗu farare kamar Inna, ni kaɗai na ɗauko baƙin Baba. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta dube mu ta ce, "Wannan kuma ina aka samo ta?" A yi dariya, ni ma in taya su. Da dare kuwa in shiga banɗaki in yi ta dirje kumatuna da soso har su yi zafi, a tunanina dauɗa ce za ta fita.

Saura wata huɗu bikina goggona ta ja ni ɗaki. "'Yar nan, farar mace alkyabbar mata. Ba za mu kai ki gidan mutane haka ba, sai an ɗan goge ki." Na zaci dilka da kurkum da halawa take nufi, irin gyaran jikin da ake yi wa kowace amarya. Ashe haɗin mai ne a wata farar roba da babu ko suna a jikinta, an zuba masa turare don ya danne wani wari mai hawa kai.

Cikin sati uku na fara haske. Maganar gaskiya, na ji daɗi. A rayuwata ba a taɓa cewa na yi kyau ba sai a lokacin, kuma bakunan da suka raine ni da Duna su ne suke cewa, "Amarya, kin ga yadda kika fito?" Wannan yabon ne ya ɗaure ni, fiye da man kansa.

Bayan biki jikin ya fara magana. Gaɓoɓin yatsuna suka ƙi fari, suka yi baƙi ƙirin a kan farin hannu. Korayen jijiyoyi suka fito a cinyoyina, nankarwa ta tsaga damatsana alhali ban taɓa haihuwa ba. Idan na fita ranar Kano ta watan Afrilu, kumatuna su yi jajir kamar an ɗora musu dutsen guga. Kullum yatsuna cikin baƙin lalle suke. Na daina sa hannu a tire ɗaya da dangin mijina, na koma cin tuwo da cokali. Suna da biki na daina zuwa, sai dai in aika. Ranar da man ya kusa ƙarewa ba na iya barci, gabana ya yi ta faɗuwa, ina lissafin kwana nawa ya rage kafin asirina ya tonu. Mijina ya sha ce min, "Ni fa baƙa na gani na ce ina so." Ban taɓa yarda da gaske yake ba.

Wani ɗan yanka da wuƙa ta yi min, ya yi sati uku bai warke ba, shi ya kai ni wurin likitar fata. Ta riƙe hannuna ta ce akwai sinadarin sitiroyid a haɗin, shi ke sa fata ta yi siriri ta kasa warkewa. Irin waɗannan mayukan, in ji ta, sukan ƙunshi haidirokwinon, wanda in an daɗe ana shafa shi yake barin tabo mai duhu da ke da wuyar fita, wasu har da sinadarin makuri, wato zaiba, mai lalata ƙoda. Ta hana ni dainawa farat ɗaya, ta tsara min yadda zan rage a hankali. Wata bakwai na yi ina komawa baƙata, da ƙuraje da dabbare-dabbare, kuma su ne watanni mafi nauyi da na taɓa gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, Ghana kuma tun 2016 ta haramta mayukan da ke ɗauke da haidirokwinon. Ina goyon bayan wannan duka. Sai dai ni ban je kasuwa neman mai ba, a ɗakin goggona aka miƙo min shi, da fatan alheri.

Bara na haihu, mace. Ranar suna wata 'yar uwar Inna ta ɗauke ta, ta juya kunnenta tana dubawa, yadda ake yi in ana son a san launin da jariri zai zama. Ta ce, "Ayya, ta ɗauko baƙi. Amma kar ki damu, yanzu akwai na yara."

Jikina har rawa yake. Na miƙa hannu biyu, babu lalle a kansu, na ce, "Gwaggo, don Allah ba ni ita. Kuma kada a ƙara faɗar haka a gabanta, ko da tana barci."