Kalmar "an" da Malam ya zagaye da jan biro

Takardar farko da na rubuta a ajin digiri na biyu a sashen tarihi, da Malam ya dawo mini da ita sai ka ce an yanka kaza a kanta. Batun da ya ba ni shi ne halin da Yahudawan Foland suka shiga bayan yaƙin duniya na biyu. Na ɗauka abin ba wuya, domin a tunanina labarin ya ƙare ranar 27 ga Janairu 1945, da sojojin Sobiyet suka shiga sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka riƙa tsare Yahudawa suna kashe su. Wanda ke da sauran kwana ya tsira, sai ya kama hanyar gida.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Mutum zai dawo garinsu ƙashi da rai, ya tarar wasu sun tare a gidansa, sun kama shagonsa, dawowar tasa kuma ba daɗi ta yi musu ba. A birnin Krakow, ranar 11 ga Agusta 1945, wata mata mai suna Roza Berger, mai shekara 56, wadda ta fito daga Auschwitz da ranta, harsashi ya same ta tana bayan ƙofa a kulle. Wasu kuma daga jirgin ƙasa 'yan bindiga suka riƙa sauko da su, su harbe su a gefen layin dogo. Yawancin irin waɗannan ba a taɓa gurfanar da kowa a kansu ba, shi ya sa har yau masana ba su daidaita kan adadi ba: wasu na cewa ɗaruruwa, wasu sun haura dubu.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne garin Kielce. Kafin yaƙi Yahudawan garin sun kai kusan 24,000, Jamusawa suka kwashe mafi yawansu zuwa sansanin kisa na Treblinka a Agusta 1942. Bayan yaƙi kimanin 200 ne ke garin, da yawansu a gida ɗaya, lamba 7 a titin Planty. Wani yaro ɗan shekara 8, Henryk Blaszczyk, ya ɓace kwana biyu, alhali ƙauye ya tafi wurin waɗanda ya sani. Da ya dawo sai aka kai wa 'yan sanda labarin wai Yahudawa ne suka kulle shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan. Gidan kuwa ba shi ma da irin wannan ɗaki. Tsohuwar ƙaryar nan ta Turai, cewa Yahudawa na satar yaran Kirista don jininsu, ita ta ƙarasa sauran aikin.

Ni kuma na rubuta: "Ranar 4 ga Yuli 1946 an kashe Yahudawa 42." Malam ya zagaye "an" ɗin sau uku, ya rubuta a gefe: "Su wa?" Da na je ofishinsa na ce, "Allah gafarta Malam, ai haka ake faɗa." Ya ce haka ake faɗa a kasuwa, amma shi mai tarihi wannan 'yar kalmar ce mafakar ragwancinsa. Gaskiya na ji haushi a ranar.

Na koma na sake bin abin sa'a bayan sa'a, sai "an" ta fara fitar da fuskoki. 'Yan sanda da sojoji ne suka fara shiga gidan, suka karɓe 'yan makaman da mazauna ke da su, harbi kuma ya tashi daga ciki. Shugaban kwamitin Yahudawan garin, Dakta Seweryn Kahane, harbe shi suka yi yana ta neman agaji ta waya. Da rana ta take, ma'aikatan masana'antar ƙarfe ta Ludwikow suka iso da rodi da sanduna. Wata mata, Regina Fisz, wani ɗan sanda da wasu mutane ne suka fitar da ita bayan gari tare da jaririnta, suka kashe su. Duk wannan jimlata ta haɗiye shi.

Shari'ar farko kwana uku ta ɗauka, daga 9 zuwa 11 ga Yuli, kotun soja ta yanke wa mutum 9 hukuncin kisa, aka zartar nan da nan. Manya fa? Shugaban 'yan sandan ciki na lardin, Wladyslaw Sobczynski, wanke shi kotu ta yi, shugaban 'yan sanda kuma ɗaurin shekara ɗaya. Gwamnatin kwaminis ta ɗora laifin kan abokan adawarta, su kuma suka ce ita da Sobiyet ne suka kitsa.

A nan na sake yin wani tuntuɓen. Tunda Malam na son suna, sai na cike masa gurbin da Sobiyet, don labarin makirci ya fi daɗin rubutawa. Ya soke sakin layin gaba ɗaya. Hukumar adana tarihi ta Foland ta binciki wannan zargi, ta rufe fayil a 2004 ba tare da samun hujjar da ta tabbatar da shi ba. Shi kansa Henryk sai a 1998 ya fito ya ce ba wanda ya sace shi. Malam ya ce wanda ya riƙe rodi an san ya riƙe, kada in ɗauke masa laifi in kai wa wani wanda ban kama hannunsa ba.

A kwafin ƙarshe na sa jerin waɗanda aka binne ranar 8 ga Yuli a maƙabartar Yahudawa ta garin. Ina cikin bugawa na zo kan wani da masu rubuta jerin ba su sami sunansa ba, sai lambar Auschwitz da ke zane a hannunsa. Na buga lambar a layin da ya kamata suna ya zauna. Wannan shafin ne kaɗai ya dawo daga wurin Malam ba ɗigon jan biro.