Ganyen Baffa da iskar hunturu

Asabar, Tumfure, Gombe

Ban gama addu'ar bayan sallar asuba ba na ji sandar Baffa tana bugun ƙofar ɗakina. Bugu uku, irin wanda yake yi in ransa ya ɓaci. Na fito na durƙusa zan gaishe shi, bai ko amsa ba, sai ya ce, "Tashi, zo ka ga aikinka."

Muka nufi rumfar bayan gida, yana gaba ina biye da fitilar waya. Ga ganyen tabarsa nan rataye a igiya yadda na jera shi ranar Laraba, sahu uku, gwanin sha'awa. Ya miƙa hannu ya kama ɗaya, ya ɗan murza. Ganyen ya ruguje a tafin hannunsa kamar busasshen karkashi. Kuma kore shar, ko alamar rawaya babu.

"Ni na ce maka ka shanya?"

Na ce a'a, Baffa.

"To wa ya aike ka?"

Gaskiyar magana babu wanda ya aike ni. Ranar Talata da zai tafi ta'aziyya Deba ya bar tsibin ganyen da ya fara cira a lulluɓe da buhun algarara a lungun sito, ya ce in riƙa juya shi safe da yamma, kada in yi wani abu bayan wannan. Washegari na sa hannu ciki na ji ɗumi, ga wani wari mai kama da na ciyawa. Sai na ce a raina tsohon nan zai dawo ya tarar kayansa sun ruɓe. Ni da na tashi ina ganin Inna tana shanya kuɓewa da kuka da tattasai, abin da na sani shi ne in kana so ganye ya daɗe, ka ba shi iska. Na nemo allurar buhu da zare, na huda gindin kowane ganye, na rataye su inda iskar gabas take kaɗawa sosai. Har hoto na ɗauka don in nuna masa ƙwazona. Ganye sittin da huɗu, na ƙirga su da kaina.

Baffa ya kaɗe hannunsa ya ce, "Taba ba kuɓewa ba ce. Da ransa ake cire ganyen nan, kuma a hankali ake bari ya mutu. Kai kuwa shaƙe shi ka yi."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai har na karya kumallo. Da na zauna na bincika sai na ga tsohon bai kauce ba ko da taƙi. Ganyen da aka cira ba ya mutuwa nan take. Muddin akwai ruwa a jikinsa, yana ci gaba da aiki na wasu kwanaki: koren yana narkewa, rawayar da take ɓoye a ƙarƙashinsa tana fitowa, sitacin da ke ciki yana juyewa sukari, ɗacin yana raguwa. Daga rawaya ya koma ja-ja, sannan ruwan ƙasa, jijiyar tsakiya ce ƙarshen bushewa. Masu shanya taba a inuwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 8, kuma danshin iskar da suke nema kashi 65 zuwa 70 ne cikin ɗari. In ruwan ya tsere kafin koren ya tafi, shi ke nan, launin ya daskare a haka, ko ka jiƙa shi daga baya ba zai nuna ba.

Ina da ɗan agogon auna danshi da na saya lokacin da na gwada sana'ar ƙyanƙyasar ƙwai, sana'ar da ba na so a tuna mini da ita. Na kakkaɓe masa ƙura na rataye shi a rumfar. Ƙarfe bakwai na safe ya nuna 29. Kafin azahar ya sauko 13. Sha uku! Wato na ɗauki abin da yake son saba'in na miƙa wa iskar da take tsage leɓen mutum ta fasa masa dunduniya. Hazon bana ma ya yi kauri, tun shekaranjiya rana take fitowa fara fat kamar faifai. An ce yawancin ƙurar nan daga wani tsohon kwarin tafki take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, ta keto har ta sauka a kan kwanukanmu. Rigar da uwargida ta wanke ta shanya da hantsi, kafin ta gama wanke-wanke ta bushe ƙamas. Iskar da take yi mata daɗi ita ce ta kashe ganyen Baffa.

Sauran yinin a aikin gyara ya tafi, don akwai ganye zagaye na biyu da ya isa cira. Baffa ya zauna a kujera 'yar tsugune a bakin lambun yana nuni da sanda, ni ina ɓalla. Daga ƙasa ake farawa, na ƙasa su ne suke riga nuna. Wanda ya isa za ka ga korensa ya dusashe, ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, bakinsa ya ɗan lanƙwasa ƙasa, kuma in ka taɓa gindin sai ya ɓalle da ƙara, ƙas, ba sai ka ja ba. Duk wanda na ja da ƙarfi sai in ji, "Bar shi, bai ce maka ya shirya ba." Hannuna ya yi baƙi da wani danƙo mai kama fata. Can wajen sha ɗaya na ji kaina yana juyawa, zuciyata tana tashi. Baffa ya ce in je in wanke hannu da sabulu in sha iska, haka take yi wa baƙo. Ƙarfin tabar ne yake ratsa fata, musamman in jiki da gumi. Ban sani ba sai yau.

Daga nan muka koma kan sito. Ya sa na toshe taga da kwali, na rufe ƙasan ƙofa da tsumma. Na yayyafa wa daɓen ruwa har sau uku, don na farko ƙasa ta shanye shi kafin in juya. Muka jiƙa buhunan algarara huɗu muka rataye su jikin bango, nesa da inda ganye zai zauna, domin in jiƙaƙƙen buhu ya taɓa ganye, fumfuna ce za ta biyo baya. Sannan ya ce a kawo randa. Nan ne aka samu matsala, don randar ta uwargida ce, kuma ba ta ga dalilin da za a ɗauke mata ruwan sanyi saboda taba ba. Ta ce da ni a hankali, yadda Baffa ba zai ji ba, "Ruwan da muke saye a kura shi za a riƙa zuba wa ƙasa?" Ba ni da amsa. Amma da Baffa ya ce, "'Yata, ara mini ta mako biyu," sai ta ce, "Haba Baffa, ai taka ce," ta kawo da kanta har da murfi. Ni dai na sha harara.

Sabon ganyen muka jera shi tsibi-tsibi, kamar goma sha biyar kowane, gindi na kallon gefe ɗaya, aka lulluɓe da busasshen buhu. Ɗumin nan da ya tsorata ni ranar Laraba ashe shi ake nema, in dai bai wuce ɗumin jikin mutum ba. In ya fara zafi sai a warware a juya, na ciki ya dawo waje. Sai ganyen ya yi rawaya kamar ayaba sannan a rataye shi, a cikin ɗakin, a matse kusa da juna don kada iska ta yi masa yawa.

Bayan la'asar aka yi sallama. Maƙwabcinmu ne na gabas, mutumin kirki, shekara shida muna tare ba mu taɓa sa-in-sa ba. Muka zauna a zaure. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin Baffa, ya yi maganar sanyi, ya yi maganar tsadar masara, ya sake tambayar iyali. Na gane akwai magana. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, kada ka ga kamar na shiga abin da ba ruwana. Yara ne suka zo suna cewa wai ana busar da ganye a gidanka, an toshe taga. Ka san halin da ake ciki, ka kuma san mutanen NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi ba sa wasa. Na ce gara in zo da kaina kafin magana ta je kunnen mai unguwa."

Na rasa dariya zan yi ko fushi. Na kama hannunsa na kai shi bayan gida. Na ce ga shukar nan, duba faɗin ganyenta, ɗaya ya isa a yi fifita. Wiwi ganyenta yatsu-yatsu ne masu baki kamar zarto. Na ce in dai kama ce, ramar da matarka ta shuka a bakin rariya ta fi wannan kama da ita nesa ba kusa ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya yi ta ba da haƙuri.

Ban ga laifinsa ba, tsakani da Allah. Kangon da ke bayan layinmu kowa ya san abin da samari suke yi a ciki bayan isha'i, warin har ɗakunanmu yake shigowa, kuma yana da 'ya'ya maza uku da suka fara tasawa. Dokar ma ba ta yau ba ce, tun 1966 gwamnatin soja ta kafa hukunci mai tsanani kan noman wiwi, aka zo aka kafa NDLEA a 1989. Wanda ya ga an toshe taga ana ɓoye ganye, dole ransa ya raya masa wani abu. Baffa ne dai bai ɗauki abin da sauƙi ba. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ni? Da furfurata?" Bai sake cewa uffan a kan maganar ba.

Ni kaina ba son tabar nan nake ba. Ban taɓa sa ta a baki ba, likita kuma ya faɗa masa a gabana cewa taba gari ba ta fi sigari sauƙi ba, tana cin dasashi, tana iya jawo ciwon daji a baki, ga hawan jininsa. Na yi magana, yayata ta yi, limaminmu ma ya taɓa yi masa nasiha cikin raha. Yakan ce to, sannan ya laluba aljihu ya ciro battarsa. Da ya dawo wurinmu da zama bayan ƙafarsa ta hana shi noma, abu biyu ya zo da su daga ƙauye ban da tufafi: battar nan, da irin taba a ƙulle cikin tsumma, ƙanana kamar ƙura. Na ga in na hana shi shuka talatin a bayan gida, na raba shi da aikin da ya rage masa a duniya.

Da yamma na lura da wani abu. Duk shukokin ya karye musu kai don ganye ya yi faɗi da kauri, amma ya bar biyu a lungu sun yi tsawo sun fitar da fure mai ruwan hoda. Na ce na iri ne? Ya ce ɗaya na iri ne. Na ce ɗayan fa? Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce Goggo, Allah ya jiƙanta, ba ta fita biki sai ta goge haƙoranta da furen taba ta ɗora goro a kai, bakin ya yi ja wur. Shekara arba'in da wani abu duk shukar da ya yi sai ya bar mata guda. Ya ce hannunsa ne ya saba, ya zo karyawa sai ya wuce ta.

Ganye sittin da huɗun da na ɓata, ya ce kada a zubar, a murtsuke a barbaɗa ƙarƙashin akurkin kaji, yana korar ƙwari. Na yi hakan kafin duhu.

Yanzu ƙarfe goma saura. Na leƙa sito da fitila, agogon yana nuna 57, buhu biyu sun riga sun bushe na sake jiƙa su. Na sa waya ta tashe ni ƙarfe biyu in ƙara ruwa. Sai dai da na fito na tarar Baffa tsaye a bakin ƙofar da kwado a hannu. Ya kulle, ya jefa makullin a aljihun jamfarsa, ya ce in lokacin ya yi in zo in tashe shi, tare za mu shiga.