Lissafin mota ta biyu

A sashen wasanni na gidan rediyon da nake aiki, ƙwallon ƙafa ce uwa, ita ce uba. Firimiya da Laliga su cinye rabin shiri, gasar cikin gida ta ɗauki nata, dambe da kokawa su samu abin da ya samu. Tseren motoci na Formula 1 kuwa minti biyu zuwa uku ne ran Litinin, shi ma don wasu matasa sun ishe mu da saƙonni ne, aka ɗora mini tunda ni ke kallo. Tambayar masu saƙon ba ta sauyawa: wace ƙungiya ce za ta lashe gasar bana? Wasu sha'awa ce ke sa su tambaya, wasu kuma da ka karanta ka san caca ce a ransu. Waɗannan na biyun ba ni da abin ba su.

A farkon kakar 2024 tambayar kamar ba ta ma buƙatar amsa. A 2023 Red Bull ta ci tsere 21 cikin 22, Max Verstappen shi kaɗai ya ci 19. Makin da ya tara, 575, ya zarce na ƙungiyar Mercedes baki ɗaya, wadda ta zo ta biyu da 409. Sabuwar kaka kuma ta ɗora daga inda waccan ta tsaya: ya ci Bahrain, ya ci Saudiyya, ya ci Japan da China. Da aka kammala tseren Miami a watan Mayu, na shida cikin 24, Red Bull na da maki 239, Ferrari 187, McLaren 124. Ratar 115 ke nan tsakanin ta ɗaya da ta uku. Lando Norris na McLaren ne ya ci Miami, nasararsa ta farko a gasar, amma yawancin masu sharhi sun ɗauke ta a matsayin sa'ar rana ɗaya, tunda shigowar motar tsaro, wadda ke rage wa kowa gudu in an yi haɗari, ta taimaka masa.

Shugaban sashenmu dattijo ne da ya tsufa a sharhin ƙwallo, bai taɓa zama ya kalli tseren mota ba, kuma ba ya ɓoyewa. Wata Litinin yana duba rahoton da zan karanta, sai ya ɗago ya ce, “Ɗana, wai ita wannan gasar taku kofi nawa ne?” Na ce, “Biyu ne, Yallaɓai. Akwai na direbobi, akwai na ƙungiyoyi.” Ya ce, “Na ƙungiyoyin, makin wa ake haɗawa?” Na ce na direbobi biyun da kowace ƙungiya ke sakawa. Ya ce, “To ya aka yi duk rahotannin da ake aiko mana daga waje suna ɗaya suke kira a kowace ƙungiya? Shi ɗayan ba ya cin albashi ne?” Nan take ya sa na nemo littafi mai layi, na ja gidaje da rula, kowace mota da gidanta daban. Ta farko da shuɗin biro, ta biyu da ja. Ya ce in riƙa cikewa duk ranar tsere kafin in rubuta kalma ɗaya ta sharhi.

Sai da na fara cike littafin na ga yadda tsarin makin yake hukunta ƙungiya mai ƙafa ɗaya. Na ɗaya 25 ake ba shi, na biyu 18, na uku 15, sai 12, 10, 8, 6, 4, 2, na goma ya samu 1. Ƙungiyar da motocinta suka zo ta ɗaya da ta takwas ta tashi da 29. Wadda nata suka zo ta biyu da ta uku ta tashi da 33. Ta farkon ce za ta cika kanun labarai, a ga direbanta da kofi a hannu ana taken ƙasarsa, amma ta biyun ce ta ci riba a makon. Aikin shanun huɗa ne: komai ƙarfin sa ɗaya, in ɗan'uwansa na ja da baya, kunya ba za ta miƙe ba.

Ga abin da littafin ya nuna da aka kai ƙarshen kaka. Bayan Miami Verstappen na da maki 136, ya ƙare da 437, wato ya ƙara 301. Norris na da 83, ya ƙare da 374, ya ƙara 291. Ka ga ke nan a tsere 18 da suka biyo baya, duk da surutun da ake ta yi cewa motar McLaren ta fi kowacce gudu, Verstappen ya fi Norris tara maki da 10. A shuɗin gida Red Bull ba ta yi asarar komai ba. Yanzu koma jan gida. Sergio Pérez na da 103 bayan Miami, ya ƙare da 152: maki 49 kacal a tsere 18. Oscar Piastri na da 41, ya ƙare da 292, ya ƙara 251. Bambancin 202 ne. Cire goman can, saura 192, kuma daidai abin da ya juya ke nan: Red Bull da ke gaban McLaren da 115 ta ƙare a bayanta da 77. Duk wani dogon bayani kan yadda kambun ƙungiyoyi ya suɓuce wa Red Bull yana cikin waɗannan lambobi biyu na jan biro.

Ba na son a fahimce ni kamar ina ɗora wa Pérez laifin komai, don ba adalci ba ne. Mutumin nan shi ya zo na biyu a teburin direbobi a 2023, kuma a tsere biyar na farkon 2024 sau huɗu yana cikin ukun farko. Abin da ya sauya shi ne abokan hamayya sun matso. Lokacin da motar Red Bull ta yi wa kowa fintinkau, Pérez na iya zama bayan Verstappen da 'yan ɓurɓushin daƙiƙa a kowane zagaye, kuma ya zo na biyu abinsa, don ba mai shiga tsakaninsu. Da McLaren da Ferrari da Mercedes suka taso, wannan 'yar ratar sai ta zama wurin zaman motoci shida. Rata ɗaya ce, amma jiya matsayi na biyu take bayarwa, yau na takwas. Ita kanta motar ta zama mai wuyar sarrafawa, har Verstappen ya yi ta ƙorafi a kanta, ya kuma yi tsere goma a jere bai ci ba, daga bayan Sifaniya a watan Yuni har zuwa Brazil a Nuwamba, inda ya taso daga na 17 cikin ruwan sama ya lashe. Shi ya iya tatsar maki daga mota mai gardama, abokinsa ya kasa.

Daga nan na fara kallon teburi da wani ido. Jimillar maki labarin jiya take ba ka. Mai son sanin damar ƙungiya sai ya duba abin da take ɗiba a 'yan makonnin baya-bayan nan, ya duba tseren da suka rage, ya kuma tambayi wa ke da sauran hanyar gyara motarsa. A wannan wasa ba a gama ƙera mota a watan Fabrairu. Ana ta sake mata fukafukai da ƙasan jiki har kaka ta ƙare. Doka kuma da gangan take taƙaita na gaba. Tun 2021 akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe, sannan lokacin da ake ba kowa a ɗakin gwajin iska, inda ake gwada yadda iska ke bin jikin mota, ya danganta da matsayinsa: zakara kashi 70 cikin 100 na ma'auni, ta huɗu 85, ta ƙarshe 115. Red Bull ma an ƙara rage mata nata na tsawon shekara guda daga Oktoban 2022, tare da tarar dala miliyan 7, saboda ƙetare iyakar kashe kuɗi a 2021. McLaren kuwa ta huɗu ta zo a 2023, ga sabon ɗakin gwajinta a Woking da ke Ingila ya fara aiki, bayan shekaru tana aron na Toyota a Jamus. Wanda ya bi ta a 2023 ya ga alama: ta fara kakar ba maki ko ɗaya a tsere biyu na farko, aka kawo sabbin kayan gyara a Ostiriya, ta koma mai neman ukun farko. Saboda haka gyaran da aka sa wa motar Norris a Miami ba daga sama ya faɗo ba. A watan Mayun 2024 ɗin ne kuma aka sanar cewa Adrian Newey, babban mai zana motocin Red Bull, zai bar ƙungiyar.

Amma motar da ta fi gudu a ƙarshen kaka ba kullum take kamo ta gaba ba. A 2009 Jenson Button na ƙungiyar Brawn ya ci shida cikin bakwai na farko, daga nan bai sake ci ba, Red Bull ta taso da ƙarfi, kuma duk da haka Brawn ta riƙe kofunan biyu. Da na koma na duba, abokin Button, Rubens Barrichello, shi ya ci Valencia da Monza a daidai lokacin da Button ya yi sanyi.

Abu mafi wuya shi ne yadda zan faɗi wannan a iska cikin minti uku. Mu 'yan sharhi muna da maɓoya: da an matsa mana sai mu ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Gaskiya ce, amma ni a ganina rowa ce, domin mai sauraro ya san wannan tun kafin ya kunna rediyo. A ɗaya ɓangaren akwai masu yanke hukunci da rantsuwa, su ma ba su ba shi komai ba sai hayaniya. Dattijon namu ya hana ni duka biyun. Cewa ya yi in faɗi ratar, in faɗi abin da ya rage, in faɗi abin da sai ya faru kafin ta baya ta kamo, sauran in bar wa mai ji. Haka na yi ta yi duk bazara da damina, ratar tana zaizayewa mako bayan mako, har aka je Baku a Azarbaijan a watan Satumba. Piastri ya ci, Pérez da Carlos Sainz suka yi karo saura kiris a gama suna neman shiga ukun farko, McLaren ta hau saman teburi da 476, Red Bull 456.

Littafin ya kuma nuna mana wadda ba a cika magana a kanta ba. Hankalin kowa na kan Verstappen da Norris, Ferrari kuwa gidajenta biyu, na Charles Leclerc da na Sainz, suna cika kusan kai ɗaya. Suka zo na ɗaya da na biyu a Austin, Sainz ya ci Meziko, suka tsallake Red Bull. Verstappen ya tabbatar da kambunsa na huɗu a Las Vegas, amma ƙungiyarsa ta riga ta koma ta uku. Aka tafi tseren ƙarshe a Abu Dhabi McLaren na da 640, Ferrari 619, kuma mafi yawan abin da ƙungiya za ta iya samu a ranar 44 ne, in an haɗa da maki ɗaya da ake bayarwa a lokacin na zagaye mafi sauri.

A takarda 21 rata ce mai daɗi, balle Norris da Piastri su ke layin gaba, Leclerc kuma daga na 19 zai tashi saboda hukuncin canjin batir. Kwanar farko ta rushe wannan kwanciyar hankali. Verstappen ya gogi Piastri, motar Piastri ta juya, ya koma can baya. Leclerc ya yi ta yanka motoci har ya kai na uku, Sainz na biyu yana bin Norris. Ina zaune da littafi a cinya na buga lissafin: in Sainz ya wuce Norris, Piastri kuma ya tsaya a na goma, kowace ƙungiya za ta tashi da 659, sai a koma ƙirga yawan nasarori, Ferrari ta samu shida, McLaren biyar. Wato kofin da McLaren ta rabu da shi tun 1998 ya rataya ne a kan canjin taya guda ɗaya. Sainz ya fara shiga, Norris ya biyo a zagaye na gaba, makanikai suka sallame shi cikin kusan daƙiƙa biyu, ya fito yana gaba kuma bai sake sakin wurin ba. Piastri ya lallaɓa ya ƙare na goma da maki ɗaya. McLaren 666, Ferrari 652, Red Bull 589, duk da cewa Red Bull ce ta fi kowa cin tsere a kakar, tara, McLaren shida. Kafin watan Disamba ya fita, Red Bull ta sanar da rabuwa da Pérez.