Ƙarfe nawa ta sa hannun?

Da tunanin kotu na shiga sashen shari'a na wani asibiti: baƙar riga, muhawara a gaban alƙali. Abin da na tarar a teburina fayil ne na wata mata da aka yi wa tiyata, danginta sun rubuto ƙorafi. Rubutun likita kuwa sai mai shi, na kasa karanta layi uku a jere. Da ƙyar na lalubo takardar amincewa da tiyata, ga sa hannun matar a ƙasa, sai na nufi ofishin babbar lauyar da nake ƙarƙashinta ina murna.

"Ranki ya daɗe, mun tsira. Ta sa hannu."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Barista, ƙarfe nawa ta sa hannun? Ƙarfe nawa aka yi mata allura?"

Na koma na duba. Tsakanin sa hannun da shigar da ita ɗakin tiyata bai kai minti 20 ba, kuma takardar ma'aikaciyar jinya ta nuna an riga an yi mata allurar kashe zafi mai sa mutum jiri da barci. Babu inda aka rubuta wanda ya yi mata bayani, balle da wane harshe. Takardar da na ɗauka garkuwarmu ce, ashe ita za ta ba da shaida a kanmu.

Daga ranar na koma kan tsofaffin shari'o'in da na haddace don jarrabawa kawai. A 1908, a Niyok, Mary Schloendorff ta yarda a duba ta bayan an sa ta barci, amma ta ce kada a yi mata aiki. Likita ya cire mata ƙari duk da haka. A hukuncin 1914, mai shari'a Cardozo ya ce duk baligi mai hankali shi ke da ikon cewa ga abin da za a yi wa jikinsa. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne matar ba ta yi nasara a kan asibitin ba. Sai kuma shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila, wadda ta daɗe tana yi wa likitoci inuwa: muddin abin da likita ya yi akwai ƙwararrun abokan aikinsa da suka yarda da shi, ba a ce ya yi sakaci ba.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Nadine Montgomery. Mace ce mai ƙaramin jiki, tana da ciwon sukari, cikinta kuma ɗauke da babban jariri. Akwai yiwuwar kashi 9 zuwa 10 cikin 100 kafaɗar jaririn ta maƙale wajen haihuwa, likitarta ta sani amma ba ta faɗa mata ba, don tana ganin in ta ji za ta nemi a yi mata aiki. Kafaɗar ta maƙale, yaron ya samu lalurar ƙwaƙwalwa. An haife shi a 1999, sai a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa dole likita ya sanar da majiyyaci duk haɗarin da mai hankali a matsayinsa zai so ya sani, da sauran hanyoyin magani. Ina goyon bayan hukuncin, amma na ga likitan da layin marasa lafiya ke jiransa tun asuba, na kuma san bayani lokaci yake ci. Wannan kam ba kotu ce za ta warware shi ba, sai masu tsara yawan ma'aikata.

Shi ya sa akasarin lauyoyin wannan fanni ba a kotu suke wuni ba. Wasu suna ma'aikatun lafiya suna rubuta daftarin doka, wasu a hukumomin da ke ba likitoci lasisi da ladabtar da su, wasu a kamfanonin inshora da na magunguna, ko a kwamitocin da ke tantance bincike a kan mutane, inda har yau ake komawa ga Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964. Sirrin majiyyaci ma ya zama fanni mai zaman kansa tun da fayil ya koma kwamfuta. Amurka ta yi dokar HIPAA a 1996, wadda ta shafi kare bayanan lafiyar majiyyaci.

Ni dai malamata ta gaskiya wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta zaunar da ni ta koya mini karanta jadawalin hawan jini da na magani, ta kuma nuna mini cewa ba kowace mutuwa ce sakaci ba, kamar yadda ba kowane warkewa ne ke nuna an yi aiki daidai ba.

A kan fayil ɗin matar nan, likitan ya same ni da yamma, jikinsa a sanyaye. Ya rantse ya yi mata bayani tun kwana biyu kafin tiyatar, mantawa ya yi bai rubuta ba. Na yarda da shi har zuciyata. Sai ya ce ko zai ƙara layi ɗaya a shafin ranar. Na ce, "Likita, kar ka taɓa shafin nan. Ka buɗe sabo, ka sa kwanan watan yau, ka rubuta abin da ka tuna." Bai ji daɗi ba, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwata sosai.

An sasanta da dangin ba tare da an je kotu ba. Aikin da aka ba ni bayan nan shi ne sake tsara takardar amincewar, na ƙara mata gurabe huɗu: lokacin sa hannu, sunan wanda ya yi bayani, harshen da aka yi shi, da sunan tafinta in an yi amfani da shi.